Hannun Buba da Shayin da Ya Huce

Ranar Lahadin da ta wuce wasu 'yan mata biyu, Zainab da Lami, suka zo cin tuwo a ɗakina da ke unguwar Al Warsan a nan Dubai. Dukansu nas ne, ba su daɗe da zuwa daga gida ba. Muna cikin ci Zainab ta dube ni ta ce, "Anti Rabi, ke kam wallahi kin more. Wankin ciwo kawai! A cire bandeji, a sa wani, khalas, shi ke nan, a jira salari." Lami ta zungure ta da gwiwar hannu. Ni kuwa na yi dariya har miyar kuka ta kusa sarƙe ni. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauki aikin kafin in shige shi. Na ce su ƙarasa cin abincinsu, zan ba su labarin hannun Buba. Da suka tafi na ga gara in rubuta shi, don na san ba su kaɗai ke wannan tunani ba.

Buba Bafulatani ne daga wajen Mubi, dogo, siriri, maganarsa sai an roƙa. Yana aiki a kicin ɗin wani kamfani a Al Quoz da ke dafa wa leburori abinci. Wata safiya man suya ya kife masa a bayan hannun dama, daga yatsu har ya wuce wuyan hannu. Wanda ya kawo shi ƙaramin asibitinmu shi ne Alhaji Sale, mai harkar kargo, mahaifin matar Buba, wanda kuma shi ya yi masa hanyar zuwa Dubai tun farko. Abin da ke gabanmu tambaya ɗaya ce: ina wutar ta tsaya? In ta bar gindin fatar da rai, hannun zai warke da kansa cikin 'yan makonni, Buba ya koma bakin tukunyarsa. In kuwa ta cinye har ƙasa, sai an tura shi babban asibiti a yanki fata a cinyarsa a dasa masa, ya yi watanni ba aiki. Bizarsa ta kusa ƙarewa, kuma ya san da wuya a sabunta wa mai dafa abincin da hannunsa ke naɗe.

Kafin in ƙarasa, sai na gaya muku abin da ake nufi da gindin fata, don a nan duk aikina yake.

Kakana majemi ne a Kano. Ina yarinya nakan zauna kusa da shi ina toshe hanci, ina kallon yadda yake jiƙa fatar akuya a ruwan toka, ya shimfiɗa ta a kan gungume, ya kankare gashin da ɗan siririn abin da ke samansa. Sai ya juya ta, ya kankare kitsen da ke ciki. Abin da ya rage a tsakiya shi yake tsomawa a ruwan bagaruwa, shi ne ke zama takalmi da jaka. Da na shiga makarantar nas aka zana mana fatar mutum a allo, sai na ga aikin kakana ne ake faɗa da Turanci. Hawa uku ce. Ta saman, wadda muke wa kwalliya muna kashe mata kuɗin mai, siririya ce kamar ɓawon albasa, ko jini ba ya bi ta cikinta. Ta tsakiyar ita ce uwar gida. A cikinta ne zaruruwa suke saƙe da juna, masu ba fata ƙarfi, masu sa in ka ja ta ta koma inda take. A cikinta ƙananan jijiyoyin jini suke, waɗanda ke buɗewa in kana tafiya cikin zafin Dubai don jiki ya fitar da zafi, su tsuke in ka shiga sanyin ofis. A cikinta jijiyoyin da ke kai labarin taɓawa da zafi suke, da 'yan ramukan da gumi ke fitowa, da saiwar gashi. Ƙarƙashinta kuma kitse ne, wanda ke riƙe ɗumin jiki, yana tare wa nama da ƙashi bugu, yana barin fata ta yi motsi a kan nama ba tare da ta yage ba.

Ga abin da har yau yake faranta min rai. Bangon ramin kowane gashi, da na kowace hanyar gumi, an shafe shi da irin abin da aka yi fatar sama da shi. To, in wuta ta cinye sama ta bar waɗannan ramuka, daga cikinsu sabuwar fata ke tsirowa, ta bazu ta haɗe, kamar yadda ciyawa ke fitowa bayan an ƙona daji. In kuwa ta ƙone su har gindi, babu iri. Sai dai ciwon ya riƙa jawo bakinsa a hankali, ya bar tabo mai tauri da ke ƙanƙance fata. A bayan hannu irin wannan tabo na iya hana mutum dunƙule yatsunsa.

Ƙunar farko da na wanke a Kano ta wata yarinya ce da kunu ya zubo wa a ƙirji. Tana ihu, uwarta na kuka. Sista Asabe, tsohuwar da na koyi aiki a ƙarƙashinta, ta riƙe min wuyan hannu ta ce, "Bar ta ta yi kukanta. Wadda aka kawo ta yi shiru ita nake tsoro." A ranar ta nuna min yadda ake tambayar ciwo. Ki danna da yatsa cikin safar hannu: in wurin ya yi fari ya dawo ja, jini na gudu. Ki kama gashi ɗaya da hantsaki ki ja kaɗan: in ya riƙe, saiwarsa na nan, in ya zare ba gardama, ta dahu. Sannan ki taɓa, ki tambayi mai ciwon abin da ya ji. Ƙuna mai zurfi takan yi fari ko ta bushe kamar kirgi, kuma ba ta zafi, saboda jijiyoyin da za su kai ƙara sun mutu. Sista Asabe ba ta yabon mutum. Na yi shekaru a hannunta kafin wata rana ta duba ɗaurin da na yi, ta wuce ba ta kwance shi ba, na koma gida ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Kayan aikina ba su da yawa. Faranti ne na ƙarfe, almakashi, hantsaki, ruwan gishiri, da wani ƙyalle mai maiƙo da ake fara shimfiɗawa don kada bandeji ya manne ya tsige sabuwar fata. Da waɗannan na zo Dubai, da su kuma nake karɓar masu walda, da masu gasa burodi, da 'yan kai saƙo a babur da kwalta ta goge wa gwiwa, da waɗanda suka je shaƙatawa a duwatsun Hatta suka taka garwashin da wani ya binne a yashi. Kowace ƙasa da nata maganin ƙuna, kuma duk ni ke wankewa. Na wanke man goge baki, na wanke ɗanyen ƙwai, garin kofi, har baƙin man inji. Mutanenmu manja suka fi so. Kullum ina faɗa, har bakina ya gaji: ruwan famfo mai sanyi, a bar shi ya yi ta zuba a wurin na tsawon lokaci, ban da ƙanƙara, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a taho.

Shekarar korona ita ce baƙar shekararmu. Mutane suka ji tsoron asibiti, suka riƙa ɓoye ƙuna a ɗakunan kwanansu har ta ruɓe. Ciwon da da an kawo shi da wuri zai warke da kansa, sai ƙwayar cuta ta ƙarasa abin da wuta ta bari. An rage mana albashi, abokan aikina da dama sun koma ƙasashensu, mu da muka rage hannayenmu suka tsattsage saboda yawan wanki, takunkumi ya ci mana karan hanci. Kicin-kicin da yawa a Al Quoz sun rufe, na ga magidanta sun tattara jakunkunansu sun tafi gida ba komai. Buba ya zo ne bayan abubuwa sun fara daidaita, kuma ya ji labarin waɗannan mutane. Ya san abin da rasa aiki yake nufi a nan.

Ranar da aka fara kawo shi ina hutu. Likitarmu, Dakta Ihsan, 'yar Sudan ce, mace mai haƙuri da kaifin ido. Buba ba ya jin Turanci, Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba, don haka Alhaji Sale ne ya yi tafinta. Likita ta taɓa tsakiyar ciwon ta ce a tambaye shi ko da zafi. Alhaji ya ce, "Buba, wai da zafi?" Buba ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, Baba." Aka taɓa wani wurin. "Babu, Baba."

Da suka dawo canjin bandeji, Dakta Ihsan ta ja ni gefe. Ta ce, "Ya Rabi, hannun nan ya rikita ni. Gefen ja ne, yana da kyau. Tsakiyar ce dabbare-dabbare, wani wuri jinin na dawowa a hankali, wani wuri ban tabbata ba. Gashin da ya rage bai da yawa. Shi kuma ya ce ba ya jin komai. In gaskiya ne, yau zan tura shi wajen masu dashe, don bayan hannu ba a wasa da shi. Amma na zauna da mutanenku a ƙasarmu, na san halinsu. Je ki tambayo min shi da yarenku."

Na shiga na gaida Alhaji, dattijo mai furfura da farar jallabiya, yana zaune a kujera ya kafa wa hannun ido. Na kwance bandejin a hankali ina jiƙa shi da ruwan gishiri. Duk wanda ya taɓa ƙonewa ya san lokacin da iska ta fara bugun ciwo shi ne tashin hankali. Buba ko gezau. Fuskarsa kamar yana sauraron huɗuba. Sai na yi musu bayani da Hausa dalla-dalla, na ce zafi a nan albishir ne, in yana ji to fatar na da rai, in ba ya ji sai an yi aiki. Na taɓa tsakiyar na ce, "Malam Buba, me ka ji?"

Ya saci kallon surukinsa, ya mayar da ido ƙasa. "Ba komai, Sista."

Ni kuwa na riga na ga ƙafarsa. Silifas ne a ƙafarsa, yatsun sun dunƙule sun kama robar kamar za su huda ta. Gumi na bin bayan kunnensa, alhali ɗakin sanyi ƙalau. Nan na gane inda matsalar take. Bafulatani, a gaban uban matarsa, ga mace tsaye a kansa, a ce ya buɗe baki ya ce wayyo? Ai ya gwammace a yanki cinyarsa. Kuma yatsun ƙafa ba su isa hujja ba, don tsoro kaɗai ma na sa mutum ya yi haka. Dole sai ya faɗa min da bakinsa, wuri-wuri, ina ne ke ji, ina ne ba ya ji.

Ba a korar dattijo daga ɗaki kai tsaye. Na juya na ce, "Alhaji, don Allah in roƙi arziki. Tun safe ban sa komai a cikina ba, shi ma Malam Buba yana bukatar abu mai zaƙi. Ko za a taimaka mana da karak?" Shayin madara ke nan da ake sayarwa a kowane lungu na garin nan. Alhaji ya dube ni, ya dubi Buba, ya miƙe ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Sista." Ya fita ya ja ƙofa.

Mahaifiyata Babarbariya ce, don haka tsakanina da Fulani akwai wasa, kuma ranar na ci moriyarsa. Na ce, "To, bawana, ubangidanka ya fita, saura uwargijiyarka. Ni jikar Barebari ce, ba a yi min fulako. Nan ba filin sharo ba ne, ba budurwar da ke kallo. In ka sake ce min ba komai, gobe cinyarka ce za ta biya."

Ya ɗago a karo na farko, har da ɗan murmushi. "Sista, Barebari ai mu muka saye ku."

"Za mu yi wannan shari'ar daga baya. Rufe idonka."

Na taɓa tsakiyar ciwon, daidai wurin da likita ke shakka. Jama'a, ban san siririn mutum na iya ajiye murya irin wannan a cikinsa ba. "Wayyo Allah! Wayyo inna! Sista, zafi! Wallahi tun shekaranjiya ban runtsa ba!" Ya haɗa da Fulatanci, wanda ban ji ba amma na fahimta. Na matsa gaba kaɗan, ya sake kurma ihu. Na bi hannun gaba ɗaya, wuri bayan wuri, ina taɓawa yana amsawa, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Wani ɗan wuri kaɗai kusa da wuyan hannu, bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba, ya ce nan dannawa kawai yake ji, kuma ƙaramin wuri irin wannan gefensa na iya rufe shi. Dakta Ihsan ta leƙo da gudu, ta tarar da majiyyaci na hawaye, nas na dariya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdulillah! Yalla, a ba shi maganin zafi na kirki, bawan Allah ya sha wuya a banza." Ta ce za mu ci gaba da wanki muna dubawa, in bai rufe a kan lokaci ba za a sake shawara.

Na gama ɗauri, Buba ya share fuska ya gyara zama, sannan Alhaji ya yi sallama ya shigo da kofuna uku. Shayin ya huce sarai, har ya yi yana a sama. Ya ce layi ne ya yi yawa. Na sha abina haka nan. Ya tambayi Buba, "Yaya hannun?" Buba ya ce, "Da sauƙi, Baba."

Daga nan aiki ya koma na haƙuri. Wanki, shimfiɗa ƙyalle mai maiƙo, naɗe kowane yatsa daban don kada su manne da juna, da faɗa da Buba a kan ya riƙa dunƙule hannun yana buɗewa ko da zafi. Na sa shi cin ƙwai da wake da nama, don da abinci jiki ke saƙa sabuwar fata. Alhaji ya ci gaba da rako shi, amma daga ranar bai ƙara shiga ɗakin wanki ba. Kullum sai ya ce yana da waya da zai amsa a kan wata kwantena.

Wata safiya na buɗe bandeji na ga abin da nake jira: 'yan ɗige-ɗige masu sheƙi sun fito a tsakiyar jan naman, kowanne a bakin ramin gashi. Na kira Buba na ce ya duba. Ya ce, "Sista, ba ruɓa ba ce?" Na ce, "Fatarka ce ke dawowa daga gindi." Ɗigon nan suka yi ta faɗaɗa har suka haɗe, hannun ya rufe kafin lokacin da likita ta ɗiba. Da farko sabuwar fatar ja ce jawur, ba ta yi kama da shi ba, abin ya dame shi. Na ce ya jira, ya riƙa shafa mai, ya kuma ɓoye ta daga rana. Launin ma daga ramin gashin yake fitowa. Bayan wani lokaci baƙaƙen ɗigo suka bazu a bayan hannun, abokan aikinsa suka sa masa suna Zabo. Ya koma kicin da safar hannu, aka sabunta masa biza.

Bayan wasu watanni matar Buba ta haihu a gida, aka yi 'yar walima a nan, a ɗakin ajiyar kayan Alhaji Sale, aka gayyace ni. Buba ne ya dafa shinkafar da hannun nan. Ya zo ya miƙo min shi, ya dunƙule ya buɗe. Launin ya kusa haɗewa, gashi ya tsiro, ga gumi ƙanana-ƙanana a bayan hannun saboda zafin tukunya. Ni da na san daga inda gumin nan ya fito, na daɗe ina kallonsa.

Da Buba ya koma wajen rabon abinci, Alhaji ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Sista, kin tuna shayin nan da na kawo miki a huce?"

Na ce, "Na tuna, Alhaji. Ka ce layi ne."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. "Wane layi? Mai shayin yana jikin asibitinku, ba kowa a wurin. Nan da nan na dawo. Ina isowa bakin ƙofa na ji yaron nan ya kurma ihu. Kin riga kin ce zafi albishir ne. Wallahi tun da nake ban taɓa jin ihu mai daɗin wannan ba. Na tsaya a wurin da kofuna a hannu suna ƙona ni, ina ta hamdala, ina cewa ƙara, ɗana, ƙara. Sai da na ji ya yi shiru ya share hanci sannan na yi sallama."

Na ce, "Ya san ka ji?"

Alhaji ya dubi inda Buba yake tsaye yana zuba wa baƙi shinkafa da hannun dama. Ya ce, "Haba, Sista. Surukina bai taɓa yin kuka ba. Ki tambayi kowa."